Tukwicin Jakadiya Tasalla

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku daga nesa, ƙafarta duk kaushi.

A wancan zamani barci ba ya zuwar wa mutum haka kawai don ya kwanta. Kawo shi ake yi, kamar yadda ake kawo nono. A bayan Birnin Gallo, garin masu haƙar gishiri, akwai wani jan suri mai tsayin rumbu, da ƙofa a jikinsa. Ta nan ake shiga Ƙasar Lumshi, ƙasar wasu aljanu makiyaya masu baƙaƙen shanu, kuma abin da ake tatsa a jikin shanun nan barci ne. Kullum da la'asar sai ƙofar surin ta buɗe, manzon Sarauniyar Lumshi, wani dogon tsohon aljani mai suna Hamma, ya sunkuyo ya fito da ƙwarya a rufe da faifai. Jakadiyar Sarkin Gallo ta karɓa ta juye a rijiyar tsakiyar gari, kowa ya sha ruwa ya yi barcinsa. Sannan ta wanke ƙwaryar, ta sa curin gishiri a ciki ta mayar, don ba a mai da ƙwaryar maƙwabci wayam. Gishirin nan shi shanun ke lasa.

Jakadiyar kuwa Tasalla ce sunanta. Tun tana da haƙoranta duka take wannan aiki, har ga shi gwiwoyinta sun fara yi mata gardama.

Ana nan sai aka naɗa sabon sarki, Nagoma, mutum mai saurin jin zafin magana. Sarkin Yaƙinsa Tunau ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a kasuwannin ƙasashe cewa ake Gallo gandu take biya wa aljanu. Wai kullum sai mun kai gishiri kafin a bar mu mu runtsa."

Sarki ya ce daga yau a mai da ƙwarya babu komai.

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Zaki, ba gandu ba ne. Zaman tare ne."

Ya ce, "Iya Jakadiya, ke ƙafa ce. Kai yana nan a wuyana."

Ranar da ta miƙa wa Hamma ƙwaryar, ya ɗaga faifai ya leƙa, ya dube ta, ya sake leƙawa.

Ya ce, "'Yar Adam, ko ya zube miki a hanya ne?"

"Bai zube ba."

"Ki ce ya zube mana. Ni kuma in je in faɗi haka."

"Sarki ya ce in ce bai zube ba."

Hamma ya yi ajiyar zuciya har ganyen da ke ƙasa ya motsa, ya sunkuya ya koma.

To daga nan abu ya dinga hawa. Sarauniya ta rage barci ya koma rabin ƙwarya, wai ko za a gane. Sarki ya hana fatake sayar da ko ƙwayar gishiri ga duk wanda aka san yana hulɗa da Lumshi. Sarauniya ta rantse a gaban garkenta cewa Gallo ba za ta ƙara samun ɗigon barci ba, ba a kyauta ba, ba a ciniki ba. Washegari aka tarar gara ta liƙe ƙofar suri, kamar ba a taɓa yin ƙofa a wurin ba.

Wayyo, ku da kuke kwanciya ku yi minshari, ba ku san abin da Allah ya raba ku da shi ba. Da fari mutanen Gallo har murna suka yi, wai aiki zai ninku. Kafin wata ya ƙare idanu sun yi ja kamar gauta. Mace ta ɗora tukunya ta manta ba ta zuba ruwa ba. Masaƙi ya saƙa zane ya warware, ya rasa me ya sa. Mutane su haɗu a hanya su gaisa, su wuce, su juyo su sake gaisawa. Jakuna suka daina kuka. Tsofaffi suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, a zaune, ido buɗe. Fada kuwa da masu hali, an ce akwai ɗan abin da suke samu ta bayan fage, amma talaka ko ƙanshinsa.

A cikin wannan hali Marka, 'yar Tasalla, ta haihu. Aka sa wa jaririyar Yalwa. Yarinyar nan tun da ta faɗo duniya ba ta taɓa rufe ido ba. Ta yi kuka har muryar ta dushe, ta koma wani ɗan siririn sauti kamar na ƙyauren da ba a sa wa mai ba, ba ya tsayawa, duk unguwa ana ji. Ta fara sakin nono. Ungozoma ta ja Tasalla gefe ta ce, "Manya suna jurewa da tsohon barcin da ke jikinsu. Wannan ba ta da ko kaɗan. In sabon wata ya kama ba ta runtsa ba, sai dai haƙuri."

A ranar ne aka kira Tasalla fada. Sarki ya yanke shawarar yaƙi. Sai dai al'adar ƙasashen nan, ba a buga tambarin yaƙi sai an aika da ƙwaryar yaƙi tukuna, kuma muddin ƙafar jakada tana kan hanya, ba mai taɓa tambari. Tunau ya miƙo mata ƙwarya a buɗe, cike da toka, an soka kibiya a tsakiya.

Ya ce, "Ki kai mata. Ki yi sauri ki dawo, mayaƙa sun ƙosa."

Ta ce, "Sun ƙosa, ko dai sun rasa inda za su sa kansu?"

"Iya, ban da baki."

Ta biya gida ta ɗauki sandarta. Marka na zaune da yarinya a cinya, tana jijjiga ta kamar wadda aka ɗaura wa hannu a jikin abin. Ta ce, "Inna, in kin je ki roƙe su."

"Ba roƙo aka aike ni ba."

"To ki sato."

Tasalla ta juya. Ta dubi ƙwaryar a buɗe, abin ya tsaya mata a rai. Ita tun da take ba ta taɓa ratsa gari da ƙwarya tsirara a ka ba, sai ka ce mai tallan ƙuli. Ba tare da wani tunani ba ta ciro faifanta na aure daga bango, wanda bakinsa ya fara zarewa, ta rufe, ta ɗora a gammo ta fita.

Da yake suri a liƙe yake, dole ta bi doguwar hanya.

Ta fara faɗawa Dajin Tsaye, inda itatuwa ke tafiya mutum kuwa yake tsaye. In ka ɗaga ƙafa, dajin ya matsa da kai baya. Ta yi ta fama har ta gaji, ta dogara sanda ta ce, "To ku wuce, ni na tsaya." Sai itatuwan suka yi ta wuce ta, gawo da marke da ɗorawa, kowanne ya zo daidai ita ya rusuna, har ƙarshen dajin ya zo ya same ta.

Daga nan sai Dutsen Maƙera. Tun daga nesa take jin ƙarar uwar maƙera. Aljanun wurin gajeru ne, gemunsu wuta, numfashinsu zuga-zugi. Kibau sun tara su tsibi biyu, kowane tsibi ya fi soro. Babbansu ya tare ta.

Ya ce, "Maraba da jakadiyar masu jajayen idanu. Mun ji labarin tafiyarki tun kafin ki ɗaura zane. Wancan tsibi na Gallo ne, wannan na Lumshi. Duka biyun an yi ciniki."

Ta ce, "Sannunku da aiki. Ashe ku ba ku da gefe."

"Muna da shi. Gefenmu tsakiya. Amma ya ke 'yar Adam, me ya sa kika rufe ƙwaryar yaƙi? A buɗe ake kai ta, don duk wanda aka wuce ya gani ya tsorata. Cire faifan nan, mu kuwa mu ba ki jakin ƙarfe da ba ya gajiya, ya kai ki ya dawo da ke kafin gumin goshinki ya bushe."

Gwiwoyinta suka ce mata karɓi. Har ta ɗaga hannu. Sai ta tuna in ta dawo da wuri, da wuri za a buga tambari, yarinya kuma ba abin da ta samu.

Ta ce, "Na gode, ya shugaban masu wuta. Abin da ke kaina ba naku ba ne, ba nawa ba ne. Wadda aka aika wa ita za ta buɗe."

Gemunsa ya yi tartsatsi, amma jakada ba a taɓa shi. Suka buɗa mata hanya.

Gaba kaɗan, a wani kwari, ta iske kasuwar 'yan fasa-ƙwauri. Masu kasuwar jikinsu na mutane, kawunansu na jemagu, suna rataye a rassan rumfuna kai ƙasa, kowanne da 'yan goruna a gabansa. Ta ga fuskokin da ta sani, barorin manyan Gallo, suna ɓoye fuska da hannun riga.

Wata mai kan jemage ta kira ta. "Uwar tafiya, zo ki ga kaya. Barci ne na Lumshi, daren jiya aka sato shi daga bakin rumbu. Na san da jaririya a gidanku."

Tasalla ta matso. Ta ce, "Nawa?"

"Ba ma karɓar wuri. Ki ba ni abu ɗaya da kike tunawa mai daɗi. Muryar mahaifiyarki ma ta isa."

Tasalla ta ce a buɗe ta gani. Da aka cire marfin goran sai wani tsami ya bugi hancinta. Ita da ta shekara da shekaru tana juye barci a rijiya, ta san ƙanshin sabo, kamar ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Wannan ya kwana ya yi tsami. Ta waiga bayan rumfar, sai ga mutane a kwance jere, suna shure-shure suna ihu a cikin barci, ba mai iya tashinsu.

Mai kan jemage ta ce, "Ai dai suna barci."

Tasalla ta ce, "Allah ya ba ki kasuwa, ba da ni ba." Ta wuce tana kuka ba hawaye, don hawayen ma sun ƙafe.

Da ta isa iyakar Lumshi ta yi zaton za ta ga masu gadi riƙe da mashi. Ta gan su kuwa, amma a zube, kowa ya rungume mashinsa yana minshari. Ƙasar gaba ɗaya wani farin tururi ya lulluɓe ta. Tun da aka daina kai wa Gallo, ba a daina tatsa ba, don saniya in ba a tatse ta ba ciwo take yi. Aka cika tukwane, aka cika randuna, aka cika rumbuna, barci ya yi tsami ya tumbatsa ya malala cikin gari. Tsuntsaye sun yi barci a sama, fukafukai a buɗe, sun tsaya cak. Rafi ya yi barci. Hayaƙin murhu ya tashi rabi ya kwanta.

Ga Hamma zaune a kan dutse, ya tokare fatar idanunsa da tsinke.

Ya ce, "Jakadiyar Gallo, kin tsufa."

Ta ce, "Kai ma ba ka yi kyau ba."

"Kada ki zauna. Kowa ya sa gindinsa ƙasa a nan, ya tafi ke nan. Ni ma a kan ƙaya nake zaune. Bi ni, kuma kada ki yi shiru, ki yi ta magana."

Suka ratsa makiyaya. Nan ta ga shanun da take jin labari, baƙaƙe wuluk, ƙahonninsu kamar an zana da alli. Amma duk haƙarƙari a waje. Suna lasar duwatsu, suna lasar ƙasa, wata ta biyo Tasalla tana lasar gumin da ke ƙafarta. Maruƙa a kwance, ba su iya tashi.

Hamma ya ce, "Rashin gishiri. Saura saniya ɗaya mai ba da sabo. In ta ƙafe, ko an shirya babu abin da za a kai muku."

"Sarauniya ta sani?"

"Ta sani. Sarkinku ya san halin da kuke ciki?"

"Ya sani."

Suka yi tafiya kaɗan ba mai magana, sai ya zungure ta da gwiwar hannu. "Na ce kada ki yi shiru."

Ta ba shi labarin Yalwa. Ya saurara har ta gama, ya ce, "Ko ɗigo ba ni da ikon ba ki. Rantsuwa ce a gaban garke."

Fadar Sarauniyar Lumshi rumfa ce ta fatun shanu, faɗinta ya yi kasuwa. Sarauniyar na tsaye, don ita ma ba ta isa ta zauna ba. An ɗaure gashin kanta da igiya a jikin rumfar, in ta yi gyangyaɗi igiyar ta fizge ta. Kuyangi biyu na watsa mata ruwan sanyi, su ma suna layi.

Tasalla ta rusuna iyakar abin da gwiwa ta yarda, ba ta kai ƙasa ba. Ta ce, "Ranki ya daɗe, uwar garke, mai dare a cikin ƙwarya. Nagoma Sarkin Gallo ya aiko ni da wannan."

Sarauniya ta ɗaga faifai. Toka, da kibiya. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, sarkinki yana da mayaƙan da za su iya ɗaga baka?"

"Suna ɗagawa, ranki ya daɗe, sai dai sukan manta inda za su harba. Naki fa?"

Kuyangi suka zaro ido. Sarauniya ta yi wata 'yar dariya marar ƙarfi. "Kin gan su a bakin iyaka. To, an ji. Koma ki ce masa ina jiransa. Ni ba zan fara buɗe ƙofa ba, shi ya fara mai da ƙwarya wayam."

Tasalla ta juya. Duk wannan tafiya, ta koma hannu rabbana, ta tarar da abin da za ta tarar.

Sai Hamma ya yi gyaran murya. Idonsa na kan tsohon faifan da ke hannun Sarauniya.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, bawanki yana da tambaya. Ƙwaryar nan a buɗe ta shigo ko a rufe?"

"Kana gani na buɗe ta da hannuna."

"To tun zamanin kakannin shanun nan, ƙwaryar yaƙi a buɗe take zuwa, mai kawo ta kuma a kore shi ba ko ruwa. Amma duk abin da ya shigo rumfar nan da faifai a kansa, saƙo ne, ko me ke ciki. Kuma ba a taɓa sallamar mai kawo saƙo babu tukwici ba. In aka fara yau, za a ce a kanki aka fara."

Tasalla ta tsaya cak. Sai yanzu ta gane abin da hannunta ya yi a ɗakin Marka.

Sarauniya ta ce, "Hamma, na rantse. Ba kyauta, ba ciniki."

Tasalla ta juyo ta ce, "Ranki ya daɗe, tukwici ba na mai aike ba ne. Sarki bai san da shi ba, ba ya tambayarsa, ba ya shiga taskarsa. Ba kyauta ba ce ga Gallo, ba a kuma saye shi ba. Haƙƙin ƙafar da ta taka ne."

Daga waje wata saniya ta yi kuka, siriri, mai tsawo. Sarauniya ta rufe ido, igiya ta fizge ta, ta buɗe.

Ta ce, "Me ƙafar take so?"

"Ludayi ɗaya na sabon tatsa. Akwai wata jaririya..."

"Ban tambaye ki ba. Kada ki gaya mini abin da zai sa in sani." Ta juya ga kuyangi. "A tatso mata. Kuma ba za a zage ni in yi shiru ba. A samo ƙwarya a cika ta da kashin shanu, a ɗora karyayyen ƙaho. Hamma, kai za ka kai wa wannan yaron Nagoma da hannunka." Sannan ta miƙa masa faifan Tasalla. "Ka rufe. Kada ƙudaje su bi ka."

Don manzo ya wuce, dole a buɗe suri. Gara ta ci ƙofar daga ciki, suka shiga ramin, Hamma a gaba da ƙwaryarsa, Tasalla a baya da ludayi a hannu biyu.

Duk wahalar da ta sha a hanya ba ta kai ta ramin nan ba. Ga sabon barci a ƙarƙashin hancinta, yana ƙanshi, yana ɗumi. Ita ma fa tun da aka liƙe suri ba ta runtsa ba. Bakinta ya cika da yawu. Wata zuciya ta ce, kurɓa ɗaya, yarinya ai 'yar mitsitsiya ce, rabi ya ishe ta. Ludayin ya fara matsowa sama da kansa.

Hamma bai waiga ba ya ce, "Tasalla, kin yi shiru."

"Ina nan."

"Kin tuna ranar da kika fara zuwa karɓar ƙwarya? Kika gan ni kika zubar da rabi, kika ruga kina kiran uwarki."

"Ƙarya kake, tsohon banza. Tuntuɓe na yi."

"Rabin garinku suka kwana ido biyu saboda tuntuɓen nan."

"Kai wa ya ce ka fito da kai kafin ka yi sallama? Fuska kamar tsohuwar salka."

Haka ya yi ta tsokanarta tana ramawa, har haske ya bayyana.

Suka fito da la'asar. Mayaƙan Gallo na zube a bakin suri, wasu na kallon sama baki buɗe. Tunau ya taso yana tangaɗi.

"Iya Jakadiya, kin dawo! A buga tambari!"

Ta ce, "Ɗana, ka ga na shiga fada? Ka ji na ce wa Sarki na dawo? Ƙafata tana kan hanya. Matsa."

Ta bi ta lungu, ba ta nufi fada ba. Tun daga bakin unguwa take kasa kunne. Ba ta ji kukan Yalwa ba, ta ƙara sauri. Sai da ta kai zaure sannan ta jiyo shi, ɗan sautin nan, ya ƙara sirancewa, kamar zare na shirin tsinkewa.

Marka na nan inda ta bar ta. Ba ta ko yi mata sannu da zuwa ba, ludayin kawai take kallo. Tasalla ta durƙusa, gwiwoyin suka yi ƙara, ta tsoma ɗan yatsa ta ɗiga a leɓen yarinyar. Ta ɗiga, ta ɗiga. Yalwa ta lasa. Ta yamutsa fuska, don ba ta san abin ba. Sannan ta buɗe ɗan bakinta ta yi hamma, irin ta farko a rayuwarta, hannuwan da ke dunƙule suka saki, idanun suka lumshe.

Shiru ya sauka a gidan. Marka ta firgita ta kai kunne ƙirjin yarinyar.

Tasalla ta ce, "Bar ta. Numfashi take. Haka yake, kin manta ne." Ta miƙa mata ludayin. "Suɗe sauran, ke ke shayarwa."

"Inna, ke fa?"

"Ni ban gama aike ba."

Shirun nan ya fi kowace shela. Matan unguwa suka fito suna tambayar ko yarinyar ta cika ne, aka ce a'a, barci take. Kafin Tasalla da Hamma su isa fada, labari ya riga su.

Sarki Nagoma na kan karaga, ya rame, rawani ya karkace. Hamma ya gaishe shi da cikakkiyar gaisuwa, ya ajiye ƙwarya. Sarki ya ɗaga faifai, wari ya cika fada. Tunau ya zare takobi rabi.

Sarki ya ce, "Iya, an ce kin shigo da barcin abokan gaba garina."

"Tukwicina ne, Zaki. Ban san ana kawo wa sarki tukwici ya gani ba."

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi faifan, ya dubi dogon aljanin da ke tsaye yana jira, bai ce a sallame shi ba, bai kuma tafi ba. Sarki dai a gidan sarauta ya tashi, ya san abin da ake jira.

Ya ce, "Da gaske yarinyar ta yi barci?"

"Har da minshari, ranka ya daɗe."

Ya sa tafin hannu ya murza jajayen idanunsa, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Manzo, me ƙafarka take so?"

Hamma ya ce, "Curin gishiri, ya Sarkin Gallo. Don kaina."

"A ba shi. Don kansa." Ya juya ga Tunau. "Mai da takobinka. Wannan cin mutunci ya fi ƙarfin in bar shi ba amsa. Iya Jakadiya, gobe da la'asar akwai wata baƙar magana da za ki kai mata. Ba a taɓa tambari sai kin dawo."

Tasalla ta ce, "A buɗe za a ba ni ƙwaryar, Zaki?"

Ya ce, "Yadda kika ga dama. Ke ce ƙafa."

To haka aka yi ta yi. Yau a aika da mataccen ƙadangare, gobe a rama da ruɓaɓɓen ƙwai, kowanne a rufe da faifai. Tukwici ya tashi daga ludayi ya koma ƙoƙo, daga ƙoƙo ya koma ƙwarya, na Hamma kuma daga curi ya koma mangala. Sulhu dai ba a taɓa yin shi ba. In ka tambayi fada, za a ce maka ana gab da yaƙi da Lumshi. Kibau suka yi tsatsa a Dutsen Maƙera. Tsofaffin da suka tafi ido buɗe kuwa sun tafi, ba wanda ya ba iyalansu haƙuri.

Tasalla ita ke rabon tukwicinta a ƙofar gida, jarirai tukuna, sai masu jego, sai marasa lafiya, kullum ya ƙare kafin a zo kanta. Ranar da ya fara isa har aka juye a rijiya, ta sha moɗa guda, ta zauna a bakin tabarma za ta cire takalmi. Ɗaya ta cire. Yalwa, da ta fara rarrafe a lokacin, ta zo ta kama babban yatsan kakarta tana ja tana gwaranci, Marka ta ɗauke ta ta ce, "Ƙyale Inna. Gobe da la'asar tana da zagin da za ta kai."

Nan ta ƙare, ƙurunƙus. Ɓeran ma da ake ɗora wa kan labari ya samu wuri ya kwanta.